Ranar Da Kaka Ta Yi Dashe

Ran Sallar bara ina zaune a falo, ku kuna kicin, sai na ji Hanan tana gaya wa matar ƙaninta cewa da yanzu mahaifinsu, wato ni, daktur ne a jami'a, ba don wata tsohuwa ta kashe masa karatu ba. Da Larabci ta faɗa, yadda kuka saba in kuna son magana ta yi sauri. Ban tanka ba, kun san halina. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin tsohuwar nan kakata ce, Iya Hauwa, wadda babu wanda ya riske ta a cikinku, kuma ba na so ya zama abin da za ku gada game da ita ke nan. Shi ya sa na ware wa wannan shekara babi guda. Da Hausa nake rubuta muku, na kuma san za ku sha wuya wajen karantawa. Ku daure. Da Hausa aka yi abin, da ita ya kamata ku ji shi.

A unguwar Mahjar ta Jidda muke lokacin, a wani gida mai ɗaki uku da matakala ta siminti da take kai mutum saman rufi. Baba direba ne a wani mustauda na Khumra, wato babban ɗakin ajiyar kaya, yana ɗaukar buhuna da kwalaye ya hau da su Ɗa'ifa. Inna tana soya gyaɗa ta ƙulla a leda. Yaya Zainab ita ce babba, bakinta kuwa ya ishi gidan har da na maƙwabta. Ni ne na biyu, sunan mahaifin Baba aka sa mini, saboda haka Baba yake ce mini Abba, Kaka kuwa, da yake sunan mijinta ne ba za ta iya faɗa ba, Maigida take kirana. A wani ƙauye na bakin kogi kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan, aka haife ta, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar hajji har zangon ya zama gari. Ta yi noma tun tana yarinya, kuma Jidda ba ta raba ta da shi ba. Saman rufinmu cike yake da garewanin man girki da ta yanke wa baki, ta zuba ƙasa da kashin tattabara, ta shuka rama da yakuwa da kuɓewa. Kullum safe da yamma sai ta hau da buta, tana hawa tana hutawa, tana zagin gwiwoyinta.

Ni yaro ne mai shiru. A aji in malami ya kira sunana, ko na san amsa ba na iya faɗinta. Abin da na iya shi ne kallo da zane. In aka ba ni ganye ɗaya sai in wuni ina bin jijiyoyinsa da fensir.

Wata Juma'a a ƙarshen sanyi, ina ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, Baba ya kwashe mu zuwa Hada, kan duwatsun hanyar Ɗa'ifa, shan iska. Kun san hanyar, yadda take nannaɗe dutse, birai suna zaune a gefenta suna jiran a jefo musu burodi. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen ar'ar, Yaya Zainab ta fara surutu, ni kuma na zagaya bayan wani dutse da littafina. A can, a wani gangare da ba shi da ƙasa sai tsakuwa da ɓarɓashin dutse, na ga wata ciyawa da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Karanta siriri ne kamar tsinken tsintsiya, a miƙe sak. Ganyenta ƙanana ne, tsukakku, masu tsini, in ka shafa gefensu ka ji kaushi. A can sama ta yi 'yan rassa, kowanne da fure rawaya wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, falle biyar, a jere tsaf kamar da gangan aka shirya su. Na zauna ina zanawa. Kafin a kira ni cin abinci sai na ga fallayen suna zuba da kansu, babu iska, babu wanda ya taɓa. Na tona guda ɗaya da cokalin shayi don in ga saiwarta. Saiwa ɗaya ce tal, fara, kamar zare, ta nutsa cikin tsagar dutse, ta kusa fin karan tsawo. Duk lallaɓawar da na yi sai da ta tsinke.

Na kai wa malaminmu na ilmin halittu, Ustaz Taha, wani dogon mutumin Sudan mai son shayi. Ya ɗaga ta wajen taga, ya juya ta, ya yi murmushi.

"Ka san bizir kattan, ƙwayar nan da ake tatsar mai, da ake sayarwa a shagon masu kayan ƙamshi? Ka san yadin lilin? To wannan 'yar uwarsu ce ta jeji. Ba ta da zaren da za a saƙa, ba ta da man da za a tatsa. Ita dai tana nan kan dutsenta."

Shi ya ba ni aron littattafai. A ciki na gane cewa shekara ɗaya take yi a duniya. Ruwan sanyi yake tsirar da ita, ta yi fure in iska ta fara ɗumi, ta ɗaure 'yan ƙwanso masu kama da ƙwayar masoro, kowane ƙwanso ɗaki goma, kowane ɗaki ƙwaya ɗaya. Da zafi ya shigo sai ta bushe, 'ya'yan su zube su kwanta cikin tsakuwa suna jiran wani ruwan. Ba ta son ƙasa mai nauyi, ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi, kuma inda ta tsira nan za ta mutu.

To a nan ne maganar takardu ta shigo, wadda ku ma kun san ta. Ɗa namiji yana ƙarƙashin iƙamar mahaifinsa ne, wato takardar izinin zama a ƙasar, muddin yana karatu. Da ya gama, sai ya nemi kafili na kansa, wanda zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa. Shekara ɗaya ta rage mini. Kawu Sale, ƙanin Inna, ya riga ya yi mini magana a mustaudan da Baba yake aiki, suna son mai rubutu mai kyau da zai riƙa karɓar kaya. Kowa a gida ya ce alhamdu lillahi. Ustaz Taha kaɗai ya ce a dakata. Ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni wurin wani daktur a jami'a, mutumin da yake tara tsirran duwatsu yana busar da su tsakanin takardu, kabad bayan kabad. Yana neman mataimaki ɗaya, jami'a za ta zama kafilinsa, kuma zai iya zama a aji ya saurari darasi. Akwai kuma wani yaron da ake nema wa wurin. Daktur ya daɗe yana duba zanena, ni kuwa ina duban takalmina.

"Busasshiya ina da ita," in ji shi. "Abin da ban taɓa gani ba shi ne rayuwarta daga ƙwaya zuwa ƙwaya. In ka iya renonta a nan Jidda, ka zana kowane mataki, ka kawo mini ita a raye da fure da ƙwanso kafin sanyi mai zuwa ya ƙare, wurin naka ne. Yaron nan yana magana kuwa?"

"Yana yi," in ji Ustaz Taha. "Sai dai ba kullum ba."

Da muka gaya wa Baba, ya daɗe yana shafa gemu.

"Yanzu ciyawa ce za ta yi maka iƙama, Abba?"

Na ce e.

"To. Na ba ka har sanyi mai zuwa ya wuce. In zafi ya shigo babu labari, Khumra. Halas, an gama magana?"

Na ce halas.

Da farkon zafi na bi shi a babbar mota muka hau Hada. Gangaren ya bushe, kararen sun zama ruwan ƙasa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina murje ƙwanso a tafin hannu. Duk abin da na samu bai cika murfin kwalba ba. Na kuma cika buhu biyu da tsakuwar wurin. Baba ya ɗora su a mota yana dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya sauko da dutse Jidda ba, sai ɗansa.

Na adana irin har iska ta fara sanyi. Ranar da zan shuka, na roƙi Kaka garwa huɗu, na huda gindinsu sosai, na jera su jikin katangar da rana ba ta daɗewa a kanta. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana kallona ina zuba tsakuwa.

"Maigida, wa ka yi wa laifi aka ce ka yi noma a kan dutse?"

"Haka take so, Kaka."

"Ita ta gaya maka? Mu ga irin."

Na zuba mata 'yan ƙwayoyi a hannu. Ta kai su kusa da ido, ta lashi yatsa ta dangwala, ta murza. Fuskarta ta washe.

"Kai, yauƙi gare shi! Ashe dangin karkashi ne. Ana miya da shi?"

"Ba a yi."

"Ana igiya?"

"A'a."

"Magani fa?"

"Ban sani ba."

"To me ake yi da shi?"

"Kallo," in ji Yaya Zainab daga bakin matakala, ita da take ce wa Kaka Habboba irin na mutanen Sudan. "Irin mai shi. Wallahi sun dace, ya Habboba, shi ba ya magana ita ba ta miya."

Na roƙi Kaka abu biyu: kada ta ba su ruwa, kada ta sa musu taki. Ta ce ta ji, kuma ta cika alkawari, ko da yake na sha ganinta ta tsaya da buta a kansu tana girgiza kai kafin ta wuce wurin ramarta. Maganar dashe ban yi mata ba, don ko a mafarki bai zo mini ba. Ni ɗan Jidda ne, a littafi na san gona.

Suka tsiro. Da farko ganye biyu ƙanana kamar kunnen ɓera, sannan kara ya miƙe yana jera ganye. Kullum kafin in tafi makaranta sai na hau na yayyafa musu ruwa da yatsu, na auna, na zana. Wasu suka ruɓe, wasu zafin rana ya kwantar da su, na rataya tsohon buhu ya yi musu inuwa. Waɗanda suka rage sun yi cunkoso, domin na zuba irin duka, tsoron kada ya ƙi fitowa. Ban rage su ba, ina tsoron in ja ɗaya in girgiza saiwar na kusa da ita. Can tsakiyar sanyi sai na ga 'yan ƙulle-ƙulle kore a kan rassa, alamar fure ya kusa. Na gaya wa Ustaz Taha, ya buga tebur har shayinsa ya zube.

Sai aka yi ruwa. Kun san ruwan Jidda, a shekara ba a ga ɗigo ba, ran da ya zo kuma ya zo da fushi. Muna aji da hantsi gari ya yi duhu, aka sallame mu. Motoci sun tsaya, tituna sun zama rafi, na tattare jallabiyata na taho gida a ƙafa. Ban damu ƙwarai ba, na san garewanina a hude suke, ruwa ba zai kwanta ba. Da na shiga gida Inna tana kwashe ruwa daga tsakar ɗaki. Ta ce in hau in sauko da Kaka, tun da aka fara ruwan take sama, ta ƙi jin kira.

Tun daga matakala na jiyo ta tana waƙa. Ban taɓa jin Kaka tana waƙa ba sai ran nan. Na same ta durƙushe, zane ya manne mata a jiki, hannuwa baƙi ƙirin da taɓo, fuskarta kamar ta yarinya. Garewanina huɗu an yi musu sarari, tsiro ɗaiɗai ne a tsaye. Sauran duk ta cire su ta dasa a cikin nata garewanin, cikin baƙar ƙasa mai taki, a layi, tazara daidai wa daida. Ta ma tuge ramarta don ta ba su wuri. Kuma kowanne, wanda ta dasa da wanda ta bari, ta datse masa kai da farce. Ƙulle-ƙullen furen suna yawo a kan ruwan da ya taru a siminti.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru. A gonar dawa, ran da aka yi ruwa mai ratsa ƙasa, ba a zama. Ana bin inda shuka ta yi yawa a rage, a kai inda ta yi gibi a dasa, a datse kan ganyen don kada ya yi yaushi kafin saiwa ta kama. Dawa tana son haka, tana gode wa wanda ya yi mata. Kaka ta yi wannan aiki kowace damina tun kafin ta yi wayo, sannan ta zo garin da ba a damina ta zauna shekara da shekaru. Ran nan ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga hancinta, ga shuka a cunkushe a gabanta.

"Maigida, zo ka gani! Ban ba su ruwa ba, Allah ne ya ba su. Takin ma ba zuba musu na yi ba, su na kai wurinsa. Yanzu za su sha iska. Da ka bar su haka, da sun shaƙe juna."

Yaya Zainab ta hawo bayana. Ta duba, ta dafe kai.

"Ya Habboba! Me kika yi? Kin san mene ne wannan? Iƙamarsa ce kika..."

"Yaya," na ce. Ta yi shiru, ina jin don mamakin jin muryata ne.

Na dubi Kaka, ruwa yana ɗiga daga haɓarta, tana jiran in yaba.

"Sannu da aiki, Kaka. Zo mu sauka, sanyi zai kama ki."

Ba su yi mako ba. Waɗanda aka dasa suka fara sunkuyar da kai, domin zaren saiwarsu ya tsinke a cikin tsakuwa, abin da ya rage kuma ya ruɓe a ƙasa mai taki. Waɗanda aka bari an girgiza su, an yanke musu kai, suka yi ta fama, biyu suka fara sabon reshe, sai aka yi kwanakin iska mai zafi daga tudu suka bi sauran. Kaka tana hawa kullum tana dubawa. Ba wanda ya gaya mata komai, Baba ya hana. Amma manomiya ce, ta san shukar da ta kama da wadda ba ta kama ba. Ta daina tsokanata. Ta daina cin abincin kirki. Wata safiya ta tare Baba yana sa takalmi.

"Idrisu, gobe Juma'a. Za ka kai ni inda abin nan yake."

"Iya, hanyar nan da jiri, ga gwiwarki."

"Na tambaye ka labarin gwiwata? Ni na kashe, ni zan je in samo."

Muka hau mu uku a ƙaramar motar Kawu Sale. Ni ma ina da ɗan buri a raina, ko zan sami masu fure a can in kai wa daktur, ko ba su cika sharaɗi ba a ga dai na yi ƙoƙari. Amma ruwan da ya cika Jidda bai sauka a wannan gangare ba. Wurin a bushe yake ƙamas, awaki sun bi ta kai, babu ko kore ɗaya. Haka ɗabi'arta take, shekarar da ruwa bai ishe ta ba ba ta fitowa sam. Na bi gangaren sama da ƙasa har ƙafafuna suka gaji. Da na dawo na tarar Baba ya zaunar da Kaka a kan wani dutse, gajimare yana wucewa ta ƙasa da mu, ta ƙudundune cikin mayafi. Ta ɗebi tsakuwa tana zubarwa ta tsakanin yatsu.

"A nan take zama?"

"A nan."

"Da son ranta?"

"Da son ranta, Kaka."



"Ni na ɗauka wahala take sha a wurinka. Na ce yaron nan bai san yunwa ba, bari in taimaki baiwar Allah." Ta share hanci da gefen mayafi. "Nuna mini daidai inda ka tsince ta bara."

Na nuna mata gindin dutsen. Ta sa Baba ya riƙe ta, ta durƙusa, ta yaye ƙasar sama da tafin hannu, 'yar kaɗan, yadda ake tattara gero da ya zube a masussuka. Ta ƙulle a bakin mayafinta, ƙulli biyu.

"In ta zubar da 'ya'ya, suna ciki. Yalla, mu tafi, sanyin nan ba na mutane ba ne."

Na je wurin daktur da kaina, ba tare da Ustaz ba, na ajiye masa zanen tun daga ƙwaya har zuwa ƙullin fure, na gaya masa abin da ya faru. Ya yi dariya da na kai wurin datse kai, sannan ya ba ni haƙuri. Ya ce aikin yana da kyau, amma wurin ba zai jira ba, ɗayan yaron zai ɗauka. Wataƙila baɗi a sami wani wurin, wataƙila kuma ba za a samu ba, ba zai yi mini alkawari ba.

Ran da na gama jarrabawa, muna cin tuwon rana, Baba ya ajiye cokalin miya ya ce ya yi tunani. In ina so, in zauna a gida shekara guda ba kafili, in sake gwadawa, shi zai san yadda zai yi. Inna ta dube shi. Dukanmu mun san ma'anar wannan: in aka tare ni a hanya babu takarda, ba ni kaɗai abin zai shafa ba, har shi da aikinsa da duk wanda yake ƙarƙashin sunansa, da Kaka a ciki. Kaka ta ce a sayar da awarwaronta. Yaya Zainab ta ce ita za ta riƙa yi mini aike, ba sai na leƙa waje ba. A nan na yi magana mafi tsawo da na taɓa yi a gidan. Na ce na gode, amma ba zan sa mutum biyar cikin fargaba shekara guda saboda wataƙila ba. Na ce an yi sharaɗi, zafi ya shigo, zan tafi Khumra. Na ce ba wanda ya tilasta ni, kuma kada in ƙara jin an ɗora wa kowa.

"Ashe kana da baki," in ji Yaya Zainab, tana kuka.

Kada ku ɗauka ban ji zafi ba. Na ji, na kuma daɗe ina ji. Shekarun da na yi a mustauda kun san su, a cikinsu aka haife ku, da su aka yi muku makaranta, aka dawo unguwar Aziziyya. Akwai ranakun da nake tsaye tsakanin kwalaye in tuna kabad ɗin daktur, abinci ya fita raina. Amma ga abin da nake so ku riƙe. Tun daga wannan shekara kusan kowane sanyi sai na shuka ciyawar nan a saman rufi, ba mai taɓa mini, kuma shekarun da ta mutu kafin ta ɗaure ƙwanso sun fi waɗanda ta kai. Jidda ba wurinta ba ne. Iskar zafin da ta ƙarasa biyun nan, mai yiwuwa da ta kashe su duka ko Kaka ba ta hau sama ba. Ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Abin da na sani shi ne an ba ni zaɓi a kan tabarmar cin abinci, na zaɓa da bakina.

Da sanyi ya zagayo, ina aiki a Khumra, Kaka ta kwance ƙullin nan daga ƙasan akwatinta ta miƙo mini. Na barbaɗa ƙasar a kan tsakuwa. Ciyayi iri-iri suka fito, a cikinsu na gane guda uku. Wata Juma'a da safe aka fara yayyafi, na duba ɗakinta ba ta nan. Ban san lokacin da na haye matakalar ba. Na same ta tsaye a gaban garwar, ruwa yana sauka a kanta, ta mai da hannuwanta baya ta nannaɗe su cikin mayafi tam.

"Kwantar da hankalinka, Maigida. Na ɗaure su. Ƙaiƙayi suke yi mini, amma na ɗaure su."

Guda biyu suka kai. Safiyar da furen farko ya buɗe na je na kamo hannunta muka hau a hankali. Idonta ya riga ya yi rauni, sai da ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa shi. Na kawo mata kujerarta, ta ce ba za ta sauka ba sai ta ga abin da ya ci mata rama. Muka zauna. Rana ta ɗaga. Kafin a kira sallah fallayen suka fara saki, ɗaya, sannan ɗaya, suna sauka kan tsakuwa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Gobe wani zai buɗe."

"Duk wannan wahala, furen ko azahar ba ya kaiwa." Ta tsinci falle ɗaya da yatsa mai yawu, ta ɗora a tafin hannunta, ta daɗe tana dubansa. "Amma fa an iya yinsa."

Hanan, garewanin da kike cewa in zubar don suna ɓata mana rufi, masu tsakuwar nawa ne. Ta ƙarshen, mai baƙar ƙasa da rama, ta Kaka ce. Jikokin irin da ta bari ne nake sake shukawa. Ita wannan in an yi ruwa kina iya hawa ki rage ta, ki dasa, ki datse mata kai. Za ta kama.